Shagon turawa na bakin titinmu: aikinsu tsaf, amma foldar kwamedi ta ja min jin kunya gaban surukata

Jama'a barkanmu da war haka. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma aiki bai bari ba, sai yau da aka ɗauke wuta tun safe man jen kuma ya ƙare, na ce bari na zauna na amayar da abin da ke cikina. Ni tela ne a nan cikin Kano, ɗinkin maza nake yi amma akwai keke biyu a gefe da yara ke taɓa na mata, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san in sallah ta matso ba mu da dare ba mu da rana, kwanan shago ake yi. In azumi ne ba matsala, tafsiri da karatu muke sakawa har sahur. Amma na babbar sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, gaskiya kwamedi ne ke riƙe mu, don in ba dariya ake yi ba, wajen ƙarfe biyun dare za ka ga yaro ya fara gyangyaɗi a kan keke, kuma da idona na taɓa ganin wanda allura ta shige masa yatsa ta dalilin haka.

To akwai wani shagon turawa, wato masu tura wa mutane finafinai da bidiyoyi, a bakin titinmu da nake kai memori da filash, ba zan faɗi sunansa ba don ba tona masa asiri na zo yi ba, kuma kamar yadda za ku gani yabon da zan masa ya fi ƙorafin yawa. Ɗan ƙaramin shago ne, kwamfuta biyu, benci ɗaya a waje, sai katakon cajin waya da ya cika bango. Yana da sola don haka ko NEPA sun yi halinsu shi aikinsa bai tsayawa. Mai shagon matashi ne, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, da yaronsa guda ɗaya.

Bari na fara da abin kirkinsu. Na farko sauri, ka miƙa memori kafin ka gama gaisawa da mai shayin gefe an cika maka. Na biyu tsafta, wato ba irin shagon nan ba ne da za ka kai filash lafiya lau ka dawo da shi ya kwaso bairos duk hotunan samfurin ɗinkinka sun ɓace, ni wannan ta taɓa faruwa da ni a wani wuri, amma a nan kusan shekara biyu ban taɓa gani ba. Hoto garau, murya ba ta rigan baki, kuma in mai dogon zango kake bi yaron nan yana riƙe kashi na nawa ka tsaya ko kai ka manta. Kuɗi kuma da sauƙi, ni dai ɗari biyar nake bayarwa a cika min na kwana biyu uku, wani lokacin ya ƙara min gyara. Tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 wallahi lissafin kallo a YouTube ya daina fita min, gara na ba su ɗari biyar ɗin nan na huta.

Matsalar guda ɗaya ce, ita ce folda. Komai da ya shafi dariya a wajensu sunansa ɗaya, kwamedi. Tsofaffin finafinan barkwanci na zamanin kaset, da gajerun bidiyoyin TikTok da aka harhaɗa, da na MC ɗin dina, da na masu tsayawa kan dandamali da makirfo su yi ta zuba su kaɗai, da na 'yan kudu masu burokin, duk an zuba su tukunya ɗaya kamar fate. Sunan fayil ɗin ma ba abin da zai gaya maka, sai ka ga an rubuta sabo 1, sabo 2, zafi 7. To wace irin zafi, ta dariya ko ta wuta, sai ka kunna za ka sani.

Ga yadda na sani. Saura kwana huɗu babbar sallah, bayan la'asar, na jona waya da sifikar Bluetooth ɗin shago na saki foldar tana tafiya da kanta, ni ina can ciki ina yanka wata shadda, hankalina duk yana kan almakashi don shaddar ta mai tsada ce ba ta kuskure ba. Ashe surukata, mahaifiyar maman yara, ta biyo ta layin daga gidan gaisuwa ta ce bari ta tsaya ta karɓi ɗinkin jikokinta. Ta yi sallama, yara suka ba ta kujera, na fito na durƙusa ina gaishe ta, ina wuni Hajiya, ya gida ya jiki, daidai nan bidiyon da ke tafiya ya ƙare wani ya shigo. Wani ne a kan dandamali a wani taro, ya fara da labarin ango da amarya daren farko, kafin na ankara ya kira sunan abin da ko a gaban sa'anka sai ka rage murya, ya maimaita, ya kwaikwayi sauti, jama'ar wurin suna ta shewa. Sifikar kuma a ƙure take saboda ƙarar kekuna.

Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Wayar tana can kan teburin guga, na yi tsalle na ture kwanon maɓallai, hannuna na rawa maimakon na kashe sai na danna gaba, na gaban ma ɗan uwansa ne. Ɗaya daga cikin yaran ne ya yi dabara ya zare wayar sifikar daga soket, ita kuma tana da batir ba ta mutu ba. Kai jama'a. Hajiya dai ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta kalli titi kamar tana ƙirga adaidaita, da aka samu shiru ta ce, to Allah ya yi albarka, a aiko min da kayan gida kawai. Shikenan ta tafi. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Daren nan ko abinci ban iya ci ba, maman yara tana tambayata lafiya, na ce ciwon kai ne, kuma ba ƙarya na yi ba.

Washegari na je shagon da zafina, amma a hanya na ɗan huce don na tambayi kaina me zan ce masa, shi ya yi bidiyon? Na dai ce masa, kai ɗan uwa ka kashe ni jiya. Na ba shi labari, ya riƙe baki, yaronsa kuma ya juya baya kafaɗunsa na rawa, na san dariya yake. Ya ce wallahi Oga ka yi haƙuri, ban san a sifika kake sakawa ba, yawanci masu karɓar foldar nan samari ne da iyafis, kuma in ban saka irin waɗannan ba sai su ce kayana ba zafi su koma wani shagon. Ya ƙara da cewa ai yanzu duniya ta canza, Turawa ma haka suke yi ba mai ce musu komai.

Nan na ce masa tsaya. Turawan ma ba haka suka tashi suka ga abin ba. A Amurka akwai wani mai barkwancin dandamali Lenny Bruce, kotu a New York ta same shi da laifin batsa a 1964 saboda maganganun da yake yi a gidan rawa, ya mutu a 1966, sai a 2003 gwamnan jihar ya yafe masa. Kuma har yau finafinansu da lambar shekaru suke fitowa. Mu ma nan Najeriya hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993 take, ita ke sa wa fim lamba, wannan na kowa ne, wannan sai ɗan 12, wannan 15, wannan 18. Lokacin da muke zuwa Ƙofar Wambai sayen kaset da faifan sidi, aƙalla akwai kwali, ka ga hoton 'yan wasa, ka ga suna, ka san me ka ɗauko kafin ka kai gida. Memori ba ta da kwali. Duk aikin da kwalin nan yake yi yanzu ya dawo kan mai turawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma don Allah kada wani ya zo min da maganar wai Bahaushe bai san batsa ba sai da waya ta zo, wannan ba gaskiya ba ne, mu daina yaudarar kanmu. 'Yan gambara fa? Ni na riske su ina yaro a kasuwar ƙauyen kakannina, mutum biyu, ɗaya na kiɗa ɗaya na amsawa, abin da ke fita bakinsu ko rabinsa ba zan iya rubutawa a nan ba, kuma mutane na ba su kuɗi, wasu don daɗi wasu don a rabu da su lafiya. Tsofaffin mata a gidan biki in suka keɓe da amarya su ma ba wasa ba ne. Wasan taubasai, wasan kaka da jika inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta, tsokanar Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, duk akwai inda ake ɗan gangarawa. Bambancin shi ne kowanne da wurinsa da mutanensa. Ɗan gambara a kasuwa yake, tun daga nesa ka ji kiɗansa, in kana tare da babanka sai ku canza layi. Matan biki a ƙuryar ɗaki suke, namiji bai isa ya leƙa ba. Ba wanda zai kawo maka gambara tsakar gida ana cin tuwo da surukai. To wayar nan abin da ta yi kenan, ta ɗauko kasuwa da ƙuryar ɗaki ta zuba su a aljihu ɗaya.

Haka su ma 'yan kudu da suka iya wannan harkar ta tsayawa da makirfo, tun zamanin su Ali Baba da taron barkwancin da Opa Williams ya fara shiryawa a 1995, ai zaure ake kamawa da dare, a sayi tikiti, manya ne ke shiga kuma kowa ya san abin da ya je ji. Mu a nan arewa abin ya fi shigo mana ta hanyar MC ɗin dina da tarukan ɗalibai, shi ya sa yake yawan karo da mutane, don wurin dina akwai gwaggo akwai inna akwai ƙannen amarya 'yan shekara goma, sai MC ya ɗauko salon gidan rawa ya sauke a kansu. Na je wata dina bara da sai da kawun ango ya tashi ya karɓe makirfo.

Bayan abin ya faru, da yake na riga na biya kuɗina, na zauna ni kaɗai da iyafis na bi foldar nan ɗaya bayan ɗaya don na san me na saya. Bidiyo wajen arba'in ne. Abin da ya ba ni haushi ma ba batsar kaɗai ba ce, rashin dariyar ne. Masu batsar nan kusan duk dabararsu ɗaya, a kawo bazawara, ko mai aiki da maigida, ko mace mai jiki ta wuce a bi ta da kyamara, sai a faɗi kalmar a tsaya a jira shewa. Ba labari, ba juyi, ba inda za ka ce kai wannan ya yi tunani. Dariyar da ake yi musu irin ta firgita ce, wato yau ga wanda ya faɗi abin da ba a faɗa, to in ka ji sau ɗaya sau biyu ta ƙare, na uku sai ka ji kamar ana tauna maka cingam ɗin da wani ya tofar. Kuma kullum mace ce abin wasan, ko gajere, ko mai ƙiba, ko mai lalurar magana. Ni da nake auna mutane kullum na san ba jikin da ba a iya yi wa dariya, har da na masu yin.

Amma cikin arba'in ɗin akwai wajen goma sha biyar da suka biya ni kuɗina har da riba. Akwai wani yaro da ya kwaikwayi yadda tela ke yi wa kwastoma alƙawari, gobe bayan magariba in sha Allahu, saura maɓalli kawai, alhali ko yankawa bai yi ba, na yi dariya har da hawaye duk da ni ake zagi. Akwai na ɗan adaidaita da fasinja kan canji. Akwai wani mai salon 'yan kama na da, masu wa'azi da sunan abinci, yana jan baki kamar mai tafsiri amma duk zancen tuwo da miyar kuka ne. Har ma akwai guda biyu da suka taɓo zancen aure da kishi da ɗaki, amma da habaici da karin magana, babba ya gane ya yi murmushi yaro ya wuce bai san an yi ba. Wannan ita ce gwanintar ai, ka zagaya abin ka dawo ba ka taka shi ba. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, da ya rasu a 2023, shekara nawa yana sa gida guda dariya da Hausar bariki da burokin ɗin soja, uba da 'ya'ya a gaban talabijin ɗaya ba wanda ya taɓa tashi don kunya.

Wani zai ce to ina hukuma. Hukumar tace finafinai ta jihar Kano tun 2001 aka kafa ta, kuma ba za a ce ba ta taɓa cizo ba, a 2008 zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar ta har marigayi Rabilu Musa Ibro sai da aka yanke wa wata biyu a gidan yari kan fim ɗin Ibro Aloko, mutumin da shi kansa tsohon gandiroba ne kafin ya shiga fim. Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014. Amma ku duba, lokacin ana maganar fim ne mai furodusa da ofis da kwali, akwai wanda za a kama. Yanzu yaro ne da waya a ɗakinsa, wataƙila ma ba a Kano yake ba, ya ɗora da dare kafin asuba ta zaga WhatsApp ta sauka a kwamfutar mai turawa. Ni ban ga yadda kamu zai ƙarar da wannan ba, kuma ni ba ma shi nake nema ba. Baligi in ya ga dama ya sa iyafis ya ji abinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni dai kada a cusa min a memori ban sani ba.

Abin da na roƙi mai shagon kenan, na ce ba wa'azi na zo maka ba, raba min folda kawai. Ɗaya ta gida, ɗaya ta samari, in mutum ya zo ka tambaye shi a ina zai kalla, kalma ɗaya ce. Kuma yaran makaranta da nake gani suna miƙo wayar iyayensu da naira ɗari, don girman Allah ka duba me kake zuba musu. Ya ce in sha Allahu Oga. Gaskiya ban ɗauka zai yi ba, na san in sha Allahun 'yan kasuwa tunda ni ma ina yinta.

Bayan sallah da sati biyu na koma, sai ga shi ya buɗe min kwamfuta yana murmushi, ya yi sabuwar folda ya sa mata suna ta iyali. Na karɓa na gwada, wannan karon ni kaɗai na fara ji kafin na haɗa da sifika, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin talatin guda ɗaya ce ta zille, wata waƙar gambara ta zamani da aka saka a ƙarshen wani bidiyo, na gaya masa ya goge a gabana. Sai dai na lura foldar iyalin ba ta samun sabbin kaya da sauri kamar ɗayar, ya ce min sai ya zauna ya kalla kafin ya saka shi ya sa, kuma lokaci ne ba shi da shi. Na fahimce shi amma dai a ƙara ƙoƙari. Wani abin kuma da bai gyara ba, sifikar shagonsa shi kansa, wani lokacin abin da ke tashi a ciki ga 'yan mata na jiran caji a benci, bai dace ba sam.

In maki zan bayar, sauri da tsaftar aiki biyar cikin biyar, farashi huɗu da rabi, mu'amala biyar don yaron yana da ladabi kuma yana karɓar gyara, tantance kaya kuwa da biyu na ba shi, yanzu ya hau uku da rabi. Zan ci gaba da zuwa, kuma na tura masa teloli biyu na layinmu, amma duk na ce musu su ambaci foldar iyali da bakinsu, in suka ce kwamedi kawai to tsohuwar za a zuba musu.

Hajiya kuwa har yau ba ta sake tsayawa a shagon ba, aike take yi. Ɗinkin jikokin ban karɓi ko sisi ba, na haɗa mata da atamfa turmi ɗaya na ce goron sallah ne, maman yara har yanzu tana mamakin wannan kyautar daga ina ta fito.